Ɓawon Buhu Na Uku

Asabar

Auta,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman kaɗaici? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Baba yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka ko agogon da ya gyara maka yana tafiya daidai, don shi har gobe bai yarda da lokacin waya ba.

Ga kwalin ɓawon lemon da ka ce in tara maka, na ba Dogo direba. Na bi umarninka kamar almajirar farfesa: buhu na ɗaya lemon zaƙi, na biyu lemon tsami, na uku garehul, ƙaton nan mai ɗaci da masu neman rage ƙiba suke saya a wurina. Na wanke, na shanya a inuwa. Shago ba wuri, don haka a barandar bayan gida nake shanyawa, kusa da teburin da Baba yake gyaran agogo. Shekara tara ina matse lemo ina zuba ɓawo a shara, yau ga ni ina lallaɓa shi kamar jinjiri. Mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da ni ta tambaye ni abin da zan yi da shi, na ce ƙanena ne yake bincike a jami'a. Ta ce ashe boko ya kai ga bola.

Batun Baba kuwa, yau wata bakwai ke nan da dashen ƙoda. Likitarsa ta ce ƙodar da na ba shi ta zauna daram, ni ma ɗinkina ya warke, sai dai in na ɗaga kwandon lemo yakan tuna mini da kansa. Magani yana sha a kan lokaci, takwas na safe da takwas na yamma, ka san mai gyaran agogo ba ya wasa da minti. Ni nake ƙirga masa ƙwayoyin in zuba a akwatin nan mai ramuka bakwai.

Jikinsa da sauƙi, amma ransa ba daɗi. Takardar da asibiti suka ba mu na manna a jikin firji, shi kuma ya raɗa mata suna takardar kada. Kada ka shiga taro, kada ka ci gishiri, kada ka sha ruwan garehul, kada, kada. Ya ce a da injin wankin ƙoda ne ya ɗaure shi, yanzu takarda ce. Yana yini bai yi magana goma ba.

Don Allah ka rubuto masa doguwar wasiƙa. A waya daga "lafiya lau" sai "to madalla" kuke kashewa, kamar baƙi a mota. Wasiƙa kuwa yana sa ni in karanta masa bayan la'asar, tun da rubutunka sai ka ce kaza ta bi ta kan takarda. Ka gaya masa abin da kake yi da ɓawon nan. Ba zai tambaye ka ba, amma yana so ya sani.

Ka ci abinci, ka daina zama da yunwa. Allah ya taimaka.

Yayarka

Alhamis

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba. A gaya masa agogo bai taɓa saɓa mini ko da minti ɗaya ba, da shi nake auna lokacin gwaji.

Kwali ya iso lafiya. Ogana, farfesar da nake aiki a ƙarƙashinta, ta buɗe ta sunsuna, ta ce ba ta taɓa samun ɓawo mai tsabta irin wannan ba. Ta tambayi wanda ya shanya, na ce yayata ce.

Baba, ga abin da nake yi. Ina niƙa ɓawon ya zama gari, in jiƙa shi, in tace, in ƙafar da ruwan har sai ainihin sinadarin da ke ciki ya rage. A jinin mutum akwai fararen ƙwayoyi waɗanda su ne garkuwar jiki, su suke kama cuta su cinye ta. Muna raino irinsu a cikin ƙananan kwanonin gilashi. Sai in ɗiga musu ruwan ɓawon, in jira kwana biyu, in duba ta madubin ƙara girma, ɗan'uwan wanda kake maƙalawa a ido in za ka buɗe agogo.

Na buhu na ɗaya ya ɗan motsa su. Na biyu bai yi wani abin kirki ba. Amma na buhu na uku, Baba, abin ya ba mu mamaki. Ƙwayoyin da aka ɗiga wa sun fi sauran kuzarin kama cuta, kuma sinadarin kumburi da suke fitarwa ya ragu. Na maimaita sau uku, sau ukun haka ya fito. Ogana ta ce idan aka rubuta sakamakon, sunana zai fito tare da nata. Na san ka so in zama likita ban zama ba. Wannan ba likitanci ba ne, amma aiki ne na gaske, kuma da hannuna na yi shi.

Takarda ta cika, ku juya baya.

Yaya, wannan ɓangaren ya fi wancan muhimmanci, ki karanta masa a hankali. Abin da na gani a kwanon gilashi na gan shi, ba a jikin mutum ba. Tsakanin kwano da mutum akwai tafiyar shekaru. Shi kuma Baba ba mai neman ƙarin garkuwa ba ne. Maganin da yake sha aikinsa rage ƙarfin garkuwar, don kada jikinsa ya ɗauki ƙodarki a matsayin baƙuwa ya yaƙe ta. Na biyu, garehul yana hana jiki narkar da wannan maganin, sai ya taru a jini ya wuce kima, ya koma cutar da ƙodar da yake karewa. Abin da ke jawo haka yana cikin ruwansa, yana kuma cikin ɓawonsa. Kada ya kusanci buhu na uku ko da wasa.

Ki ci gaba da tara mini, musamman na ukun. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka miki da alheri.

Ƙanenki,
Auta

Lahadi

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri, mako uku ban rubuto ba, kai ya ɗau zafi.

Wasiƙarka ta yi aiki fiye da yadda na zata. Ina karantawa Baba ya ajiye agogon da ke hannunsa, ya ce in maimaita wurin da aka ce sunanka zai fito. Sau uku na maimaita. Washegari na ji shi yana gaya wa wanzaminsa cewa ɗansa ya gano magani a ɓawon lemo, ni kuwa na ƙyale shi, don rabon da in ji muryarsa ta kai ƙofar gida tun kafin a yi masa aiki. Har taya ni juya shanya yake yi yanzu. Ya ce ni ban iya ba, ina barin gefe ɗaya ya yi laima.

Amma akwai damuwa, ba zan ɓoye maka ba. Kwana goma ke nan hannunsa yana rawa. Da farko ya ce tsufa ne. Ran Talata ya buɗe agogon wani tsohon abokin cinikinsa, ɗan ƙaramin sukurun ya kufce masa sau huɗu, daga ƙarshe ya rufe ya ce in mayar wa mai shi. Shekara arba'in da biyar bai taɓa mayar da agogo ba a gyare ba. Ga ciwon kai, ga fitsari ya ragu.

Na kai shi asibiti aka ɗebi jini. Likita ta ce maganin ya yi yawa a jininsa, ya kusa ninki biyu na yadda ake so, kuma awon ƙodar ya fara lalacewa. Ta dube ni ta saman tabarau ta tambayi wanda yake ba shi magani. Na ce ni ce. Ta ce ko ina maimaita masa bisa kuskure. Wallahi, Auta, sai da na ji kamar ta mare ni. Ni da aka yanka aka ciro ƙodar, ni zan yi sakaci da ita? Na zazzage mata akwatin a kan tebur muka ƙirga tare, ko ɗaya bai ɓata ba. Ta tambaya ko yana shan garehul, na ce ko ɗigon ruwansa ba ya shiga gidanmu, shi ma ya ce bai taɓa shan ruwansa ba. Ta rage maganin, ta ce mu dawo ran Litinin, in bai sauka ba za a kwantar da shi. Ta kuma ambaci injin wanki. Ka san abin da kalmar nan take yi wa Baba.

Ga kwalinka. Buhu na uku bai cika ba, kada ka ce rowa na yi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, na tabbata abin da na shanya ya fi haka. Ko ɓera ne, ko iska ce, ban sani ba. Wane ɓera ne ma zai bar mai zaƙi ya ci mai ɗaci?

Ka sa mu a addu'a.

Yayarka

Litinin

Yaya,

Sallama. Na karanta takardarki a tsaye a tasha, ban bari Dogo ya juya ba sai da wannan. Na kira ki sau bakwai wayarki a kashe, ta Baba ma haka, ina jin kuna asibiti.

Ba ɓera ba ne. Ki je teburin Baba ki duba butar shayinsa da duk wata kwalba ko kofi da ke wurin, ki sunsuna. Idan kin ji ƙanshin garehul, ki ɗauka yadda yake ki kai wa likita, kada ki wanke. Ki kwashe shanyar nan gaba ɗaya daga gidan yau ɗin nan. Ki gaya wa likita yawan kwanakin da kike jin ya yi yana sha, don tana buƙatar sani: idan ya daina, maganin zai iya sauka ƙasa da kima tun da ta riga ta rage shi, wannan ma haɗari ne ga ƙodar. Na haɗa da 'yar takarda zuwa gare ta, na bayyana irin ɓawon da yadda aka shanya shi.

Abin da na kasa ganewa shi ne yadda ya ji gargaɗin da na rubuta kuma ya aikata. Na san Baba da kafiya, ban san shi da wasa da umarni ba.

Na nemi izini, jibi zan taso. Allah ya sa mu ji alheri.

Auta

Juma'a

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka koma lafiya. Ka zo ka yi kwana biyu muna zaune a benci ɗaya a ƙofar ɗakin marasa lafiya, ka saya mini ruwa, ka ce in je in huta, ni kuma akwai maganar da na kasa fitarwa. A takarda na fi iya magana, don haka ka zauna ka karanta.

Ka san na sami butar a ƙasan tebur bayan akwatin kayan aikinsa, da ɓawo a ciki har ya yi laushi. Abin da ban gaya maka ba shi ne 'yar takardar da na gani a aljihun tebur. Ya rubuta kwanan wata a jere, kwana goma sha tara, kowanne da ɓawo yanki biyar, tafasa minti goma, kofi ɗaya bayan na tafi shago. A gefe har da yadda ya ji a jikinsa kowace rana. Gwaji yake yi maka, Auta. Da na tambaye shi batun takardar firji, ya ce an rubuta ruwan garehul, ba wanda ya ambaci ɓawo, shi kuma abin da aka rubuta yake bi.

Ka tuna ranar da ka iso, ka tsaya a kansa a gaban likita da ma'aikatan jinya, ka ce, "Baba, ban rubuta ba? Ba a karanta maka bayan takardar ba?"

Ya dube ni, ya dube ka, ya ce, "An karanta mini. Taurin kai ne nawa."

Ƙarya ya yi. Ban karanta masa ba.

Ranar da wasiƙarka ta zo, na karanta ta ni kaɗai a shago, gaba da baya, na fahimci komai. Da la'asar na zauna karanta masa. Ina kaiwa ƙarshen shafin farko na ɗaga kai na ga yana murmushi, irin wanda rabona da gani tun Mama tana raye. Na juya takardar, idona ya sauka a kan "kada". Na ce a raina mutumin nan wata bakwai yana shan kada safe da yamma, yau ɗaya dai bari ya kwana da daɗi, gobe na karanta masa sauran. Sai na tsallake zuwa gaisuwar ƙarshe na ninke. Gobe ta zo, injin matse lemo ya lalace, na manta. Ko da na rubuto maka cewa buhu ya ragu, tunanina bai je can ba, don ban taɓa kawo wa raina Baba zai dafa abin da nake zubarwa a shara ya sha ba. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Ba tun yau nake yin haka ba. Duk wasiƙarka ina tace ta kafin ta kai kunnensa, in na ga abin da zai ɓata masa rai in haɗiye. Lokacin da ka rubuto cewa ba a ɗauke ka karatun gaba ba, bai taɓa ji ba. Na ɗauka kulawa ce.

Ka tafi kana fushi da shi, ko sallamar kirki ba ka yi masa ba. Na kuma ji kana gaya wa likita za ka ajiye binciken, wai aikinka ne ya kwantar da mahaifinka. Aikinka bai yi laifi ba, ka rubuta gaskiya cikakkiya, ni na raba ta biyu. In fushi za ka yi, ga inda za ka kai shi. Ina jin kunya, kuma ina jin tsoro. Ba ni da wata ƙodar da zan sake bayarwa, kai kuma jininku bai dace ba.

Rawar hannun ta ragu. Maganin yana sauka a hankali, kullum sai sun ɗebi jini suna daidaita shi. Ran Talata za a yi awon da zai nuna ko ƙodar za ta farfaɗo ko sai an koma inji. Baba ya hana ni rubuta wannan takarda, na ce wannan karon ba zan tsallake komai ba.

Ka yafe mini in za ka iya.

Yayarka

Laraba

Auta,

Bayan sallama. Ni ne mahaifinka, da hannuna nake rubutawa, ka ga layin bai karkace sosai ba.

An yi awo jiya. Likita ta ce ƙodar ta ji jiki, ba za ta koma kamar da ba, amma tana aiki, ba maganar inji. An sallame ni. Mun gode wa Allah.

Yayarka ta ce ta gaya maka. Na hana ta, ba ta ji ba, dama ba ta taɓa ji ba. Abin da na faɗa a asibiti ba na nadamarsa. Yarinyar da ta kwanta aka yanka ta saboda ni, ba zan zauna a tuhume ta a gaban mutane kan shafi ɗaya ba. Kada ka riƙe ta. Ba ita ta ɗora butar a wuta ba.

Na sha ne don na ji an ce yana ƙara ƙarfin jiki, na ce in na yi ƙarfi zan fi riƙe mata amanarta. Na kuma ce in za a gwada aikin ɗana a jikin mutum, wa ya fi ni cancanta. Na taɓa abin da ban san cikinsa ba, abin da nake hana masu kawo mini agogo.

Na karɓi waccan wasiƙar taka daga hannunta na sa madubin aiki na karanta bayanta sau biyu. Wanda ya rubuta shafin nan ya san aikinsa, ya fi shafin farko burge ni. Ban yarda ka ajiye binciken ba. Mai ɗinki ta ba da barandarta, can ake shanya yanzu, buhu na uku yana cikin kwalin nan a cike.

Daga yau ni za ka riƙa rubuto wa, ni zan karanta da kaina, gaba da baya. Ka gyara rubutunka. Ka fara da labarin karatun da sai yanzu yayarka ta gaya mini ba a ɗauke ka ba.

Allah ya yi muku albarka, kai da ita.

Baba